Kiɗan Na'ura a Ƙasarmu: Tarihin Kaset ɗin Mamman Sani da Darasin da Ke Cikinsa

Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihin kiɗa a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne kalangu da kotso da taushi, ko gurmin Haruna Uji na Haɗeja, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos. Ba kasafai ake sa kiɗan fiyano cikin lissafi ba, domin dattawa da yawa suna ɗaukarsa abin yara ne na jiya-jiya. Alhali kuwa wannan kiɗa ya kusa shekara hamsin a tsakaninmu, kuma yana da nasa magabata. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo tarihin ɗaya daga cikin magabatan nan, Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, a nuna yadda aikinsa ya kusa salwanta duk da cewa dubban mutane sun san shi, sannan a duba abin da hakan ke nufi gare mu nan Dutse da kewaye.

Asalin Na'urar

Duk abin kiɗan da muka gada, akwai wani abu a jikinsa da ke karkarwa kafin sauti ya fita: fata a jikin kalangu, tsarkiya a jikin goge, iska a cikin algaita. Ita na'urar da Turawa ke kira sintisaiza ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wutar lantarki ce ake sa wa ta yi ta kai da komowa cikin sauri, lasifika kuma ta mayar da wannan kai da komowa sauti. In aka ƙara saurin, muryar ta yi siriri. In aka rage, ta yi kauri. Daga nan sai a tace sautin, a tsawaita shi ko a gutsure shi, har ya yi kama da sarewa, ko ganga, ko wani abin da kunne bai taɓa ji ba.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Robert Moog ya fito da tasa na'urar a 1964. Ta farkon babba ce, cike da wayoyi, galibi jami'o'i da manyan ɗakunan ɗaukar murya ne ke iya mallakarta. A 1968 aka fitar da faifan Switched-On Bach, wanda aka kaɗa gaba ɗayansa da ita, ya kuwa samu karɓuwa ƙwarai. A 1970 aka yi ƙaramarta, Minimoog, wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Wannan zamani ya zo daidai da lokacin da samarin Amurka da Ingila ke yayin wani salon kiɗa da suke kira saikadelik, wato kiɗa mai maimaita kansa yana jan hankalin mai saurare har ya ji kamar yana mafarki ido biyu. A can, salon ya haɗu da shaye-shaye, abin da ya ɓata masa suna. Amma shi maimaicin da ke ɗauke hankali ba baƙo ba ne gare mu. Wanda ya taɓa zama kusa da masu garaya, ko ya ji bandiri a daren Maulidi, ya san yadda kiɗa guda ke zagayawa har mutum ya manta dare ya raba.

Mamman Sani da Kaset ɗin 1978

Mamman Sani Abdoulaye ma'aikaci ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya sa ya riƙa tafiye-tafiye ƙasashen waje. A 1974, a wurin wani taro, ya ga wani wakili daga Ruwanda da ƙaramar molon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Ya roƙe shi har ya sayar masa, ya taho da ita Yamai. Ita Orla ba cikakkiyar sintisaiza ba ce irin ta Moog, ƙanwarta ce: ita ma da lantarki take haifar da sauti, kuma a cikinta akwai ɗan akwatin da ke buga ganga da kansa, mai kiɗa kuma yana ɗora karin waƙa a kai.

Abin da ya bambanta Mamman Sani shi ne abin da ya zaɓa ya kaɗa. Bai tsaya kwaikwayon Turawa ba. Ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, har da na Fulani Woɗaaɓe da na Buzaye, ya haɗa da nasa na ƙashin kansa, ya zuba su cikin na'urar. Mafi yawansu ba murya, kiɗa ne tsantsa, a hankali, ba hayaniya. Mai saurare zai ji kamar ya san waƙar, amma muryar da take fitowa da ita baƙuwa ce.

A 1978, zamanin mulkin Seyni Kountché, ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasar ya ɗauki kaset ɗinsa na farko. Daga cikin kiɗe-kiɗen da ke ciki akwai "Salamatu" da "Lamru" da "Bodo". An yi niyyar a yaɗa kaset ɗin sosai, amma abin bai yiwu ba, kwafi kamar ɗari kawai aka buga. Sai dai gidan rediyo da na talabijin sun karɓi kiɗan, suka riƙa sa shi a tsakanin shirye-shirye har tsawon shekaru kusan talatin. Nan ne abin mamakin yake. Kiɗan da kusan kowane ɗan Nijar mai rediyo ya sani, kaset ɗinsa ya gagari kasuwa.

Mu ma nan ba mu rasa rabonmu ba. Jigawa ta yi iyaka da Nijar ta wajen Maigatari, kuma kafin zuwan gidajen rediyo na FM, dattawanmu kan juya akwatinsu su kamo Yamai da dare. Ina saurayi na sha jin wani kiɗa mai sanyi yana cike gurbi kafin labarai, ban taɓa tambayar wanda ya yi shi ba. Ba wanda ya faɗa, mu ma ba mu nema ba. Kiɗan rediyo ne kawai a wurinmu, kamar ba hannun mutum ne ya yi shi ba.

Yadda Aka Sake Gano Shi

Bayan shekaru fiye da talatin, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da kwafin kaset ɗin a wani ɗakin ajiyar kaset-kaset a Yamai. Ya nemi Mamman Sani, ya same shi, suka daidaita. A 2013 aka fitar da aikin a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger. A 2014 aka biyo da Taaritt, wanda ya ƙunshi abin da ya kaɗa a ƙarshen shekarun 1980, sannan aka fitar da wasu kiɗe-kiɗen nasa na 1981 zuwa 1984 da ba a taɓa bugawa ba. An kuma gayyace shi Turai ya yi wasa a gaban mutanen da ba a haife su ba lokacin da ya ɗauki kaset ɗin.

Ba shi kaɗai ba ne. A Inugu, William Onyeabor ya fitar da faya-fayai aƙalla takwas tsakanin 1977 da 1985 a ƙarƙashin kamfaninsa Wilfilms, cikinsu har da Atomic Bomb na 1978 da Good Name na 1983, yana amfani da na'urori irin su Moog. Daga baya ya bar kiɗa ya koma kasuwanci da harkar coci, ya ƙi ko zancen abin. Faya-fayansa suka yi wuyar samu, masu tarawa a Turai da Amurka suka riƙa sayen tsofaffin kwafi da kuɗi masu yawa. A 2013 kamfanin Luaka Bop na New York ya tattara wasu ya sake bugawa. Ya rasu a Janairun 2017. Haka nan Francis Bebey na Kamaru, shi ma tsohon ma'aikacin UNESCO, a Faransa aka tattara kiɗan na'urarsa na 1975 zuwa 1982 aka fitar a 2012.

Mai karatu zai lura da abu guda a cikin labaran nan uku. A kowannensu, aikin na gida ne, amma wanda ya zo ya kakkaɓe masa ƙura baƙo ne. Ba laifin baƙon ba ne, godiya ma ta kamace shi. Tambayar ita ce, ina masu gidan suke?

Zuwan Fiyano Kano da Jigawa

A shekarun 1980 kamfanonin Japan, wato Casio da Yamaha, suka fara ƙera ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi, wasu ma da batir suke aiki. Su ne Bahaushe ya sa wa suna fiyano. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai fiyano ya samu gida. A tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar murya irin na Iyan-Tama suka shigo da Yamaha samfurin PSR, kuma waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna cewa ana iya sa na'urar ta yi amo kusa da na kayan kiɗan gargajiya. Daga nan sha'irai masu bege suka karɓa, mawaƙan siyasa suka karɓa, haka masu waƙar biki. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Abin lura kuma, kamfanin nan na Sahel Sounds ne dai ya tattara wasu waƙoƙin finafinan Hausa a faifan Harafin So a 2013.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, daidai lokacin da wannan kiɗa ke tasowa. Saboda haka kusan duk abin da ya faru da mu tun daga ranar, da fiyano aka rera shi: waƙoƙin yaƙin neman zaɓe, waƙoƙin naɗin sarauta, waƙoƙin wayar da kai kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata, da na ɗaurin aure. A kaset aka ɗauke su, aka sayar a tasha da kasuwanni irin su Shuwarin, galibi ba suna a jiki, ba kwanan wata. Wanda zai rubuta tarihin shekaru goma na farko na jihar nan, zai buƙaci waɗannan kaset-kaset kamar yadda zai buƙaci fayil-fayil na ofis, domin a cikinsu ne aka ji abin da talaka yake so a faɗa masa da abin da yake faɗa.

Na san akwai masu cewa kiɗan fiyano shi ya kashe kasuwar makaɗan gargajiya, don haka bai cancanci a adana shi ba. Akwai gaskiya a kashin farko na maganar, domin yaro ɗaya da na'ura yakan tare gurbin makaɗa biyar a wurin biki. Amma aikin mai tarihi ba zaɓen abin da ya yi masa daɗi ba ne. Ko don a fahimci yadda kalangu ya ja baya, dole a ajiye abin da ya ture shi.

Abin da Ya Kamata a Yi

A Birnin Kudu, cikin masarautar Dutse, akwai duwatsun kiɗa kusa da zane-zanen nan na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Har yau in ka buga su za su amsa, domin dutse ne. Kaset ba haka yake ba. Zaren roba ne siriri da aka shafa wa garin ƙarfe. Zafi yana miƙar da shi, damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana goge shi, gara kuma tana cinye takardar da aka rubuta sunan a kai. Na taɓa aiki a wani ofishi inda aka kwashe kwali uku na tsofaffin kaset-kaset aka ƙona don a sami wurin ajiye kujeru. Ina tsaye aka yi, ban ce uffan ba, domin a lokacin ni ma shara na ɗauke su. Har yanzu abin yana damuna.

Shawarata ga malaman makaranta ita ce su sa ɗalibai su tambayi iyayensu ko akwai tsohon kaset a ƙasan gado ko cikin adaka. In an samu, kada a yi gaggawar sa shi a tsohuwar rakoda da ka iya tauna zaren. A fara rubuta abin da mai shi ya sani: wa ya rera, wa ya kaɗa fiyano, a wane gari, a wace shekara, don wane buki. Sunan mai kaɗa fiyanon ya fi komai saurin ɓacewa, domin mawaƙi kaɗai ake ambata. A ajiye kaset a tsaye, a inuwa, nesa da danshi da lasifika. Ita kuma hukuma ta tanadi rakoda mai lafiya da kwamfuta, a juye sautin, a yi kwafi biyu a ajiye a wurare daban-daban, a mayar wa mai kaset kayansa. Dattawan da suka yi sana'ar sayar da kaset, da waɗanda suka fara buɗe ɗakin ɗaukar murya a garuruwanmu, a je a zauna da su tun suna da rai da lafiya.

Kammalawa

Cikin kwafi ɗari na kaset ɗin Mamman Sani, guda ɗaya da wani ya ajiye a kan kanta ita ce ta dawo da sunansa. Da an share ɗakin nan kamar yadda aka share wanda na ba da labari, da yau ba mu da abin da za mu nuna sai tunanin tsofaffi. Masu iya magana sun ce, da tsohuwar zuma ake magani. Namu yana nan cikin kwalaye a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun, bai riga ya lalace duka ba. Allah Ya ba mu ikon tattara shi da hannunmu, amin.