Mota mai giya ta hannu ba tare da taka kuloci ba

Akwai wani nau'in mota da ke tsakanin mai giyar hannu da otomatik. Direba yana iya canza giya da kansa, amma a ƙarƙashin ƙafarsa totur da birki ne kawai, babu wurin taka kuloci, wanda makanikai a Nijar suka fi kira ambiriyaji. Kulocin yana nan cikin motar, sai dai na'ura ce ke taka shi a madadin ƙafar hagu.

Yadda take aiki

A motar giyar hannu, kuloci shi ne ke raba inji da akwatin giya na ɗan lokaci domin giya ta shiga ba tare da haƙoranta sun ci juna ba. A wannan nau'in kuwa, da zarar direba ya motsa sandar giya, na'ura za ta gane, ta saki kuloci, giya ta shiga, sannan ta mayar da shi. Tsofaffin motoci suna yin haka da ƙarfin zuƙar iskar inji, ko matsin mai, ko maganaɗisun lantarki. Na zamani suna da ƙaramar kwamfuta da ke duba gudun inji da yadda aka taka totur, ta ba ƴan ƙananan injinan lantarki umarni.

Nau'in ya kasu biyu. A na farko, direba yana jan sanda daga giya ɗaya zuwa biyu zuwa uku kamar yadda aka saba. A na biyu, yana tura sanda gaba ko baya wajen alamar + da −, ko ya taɓa ƴan marfuna a bayan sitiyari, na'ura ta sa giyar. Yawancin na biyun suna iya canza giya da kansu idan an bar musu.

Masu babur sun san wannan dabarar. Honda Super Cub, da ya fito a 1958, da ƙananan baburan da suka kwaikwayi ƙirarsa, ana sa musu giya da ƙafa ba tare da matsa kuloci da hannu ba.

Tarihi

A 1955 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da DS, mai giya huɗu da ake canzawa da ƙaramar sanda a bayan sitiyari, matsin mai kuma yana aikin kuloci. Renault ya sa kulocin lantarki mai suna Ferlec a motar Dauphine, a Jamus kuma aka yi Saxomat. A 1967 Porsche ya kawo Sportomatic, Volkswagen kuma ya sa irin wannan tsari a motarsa ƙwaro, inda taɓa sandar giya kaɗai ke sakin kuloci.

Tseren motoci ne ya sake ɗaga darajarta. A 1989 Ferrari ya shiga gasar Formula 1 da mota mai marfunan giya a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. A 1997 tsarin ya sauko zuwa motar titi Ferrari F355. Daga nan ƙananan motocin Turai suka ɗauka, kowane kamfani da sunansa: Selespeed a Alfa Romeo, Easytronic a Opel, SensoDrive a Citroën, 2-Tronic a Peugeot, MMT a Toyota. A 2020 Hyundai da Kia suka dawo da nau'in farko a kasuwar Indiya da sunan iMT.

Amfani da matsala

Tana hutar da ƙafa a cunkoso, tana kuma taimakon wanda ke da lalura a ƙafar hagu. Shan manta kusan ɗaya ne da na giyar hannu, ƙasa da na tsofaffin otomatik, kuma ƙera ta ya fi araha.

Matsalarta ita ce fizga lokacin canza giya, domin ƙarfin inji yana yankewa na ɗan lokaci. Kulocinta kuma yana cinyewa kamar na kowace motar giyar hannu. Zafi, tafiyar hawainiya a cunkoso da kokawa cikin rairayi suna ƙona shi da wuri. Idan batir ya yi rauni, giya na iya ƙin shiga. Bayan an canza kuloci, sai an haɗa motar da kwamfutar gareji an sake daidaita na'urar, in ba haka ba fizgar za ta ci gaba.

Abin da mai saye zai duba

Cikin tsofaffin motocin Turai da suka shigo Nijar ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome akwai irin waɗannan, kamar wasu Toyota Yaris da Corolla, Opel Corsa da Citroën C3. Ganin babu kuloci yana sa mai saye ya ɗauka otomatik ce, sai daga baya gyara ya faɗa masa gaskiya.

Alama mafi sauƙi tana jikin sandar giya. Otomatik ta ainihi tana da P, R, N da D. Wannan kuwa yawanci ba ta da P: a Toyota za a ga R, N, E da M, a Opel kuma A maimakon D. Kafin biyan kuɗi, ya kamata a tuƙa ta har inji ya yi zafi, a lura ko tana jinkirin tashi, ko harafin giya yana ƙiftawa a allon gaban direba, ko tana komawa N da kanta. A kuma tambaya ko akwai makanike a gari mai kwamfutar da ta san wannan tsarin.

Wajen tuƙi, ana ɗan sassauta totur lokacin canza giya. A kan tudu ana riƙe mota da birki, domin riƙe ta da totur yana cin kuloci. Idan tsayuwa ta yi tsawo a sa N, in an ajiye ta kuma a ja birkin hannu. Man da ake zuba wa akwatinta na giyar hannu ne, ba jan man otomatik ba.