Ajami da Idon Na'ura

Kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, da ajami Bahaushe yake rubuta harshensa. Da shi Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, da shi kuma malamai suka adana wa'azi da tarihi da sirrin magunguna. Sai Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Sannu a hankali boko ya mamaye ofis da aji da jarida, har jikoki da yawa suka tashi ba sa iya karanta hannun kakanninsu.

Takardun dai suna nan. Daga Kamazou, inda nake zaune, ƙetare kogin Kaduna kawai mutum zai yi ya isa Arewa House, tsohon gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. A wuraren nan biyu akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami masu ɗimbin yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zama su karanta su, su juya su zuwa boko. Shi ya sa hankali ya fara komawa ga ƙirƙirarriyar basira.

Asalin wannan fasaha binciken ƙwaƙwalwa ne. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai ido ya ga layi mai wata karkata ta musamman. Kunihiko Fukushima na Japan ya kwaikwayi wannan tsari a kwamfuta a 1980, sannan a 1989 Yann LeCun da abokan aikinsa a Amurka suka koya wa manhaja karanta lambobin da mutane ke rubutawa da hannu a bayan ambulan. Daga wannan zuriya manhajoji irin su Transkribus suka fito. Dukkansu hanyar koyonsu ɗaya ce: mutum ya fara kwafe shafuka daidai, na'ura ta bi sawunsa.

A nan ne ajami yake da nasa ƙalubalen. Rubutunmu ɗan gidan Magaribi ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare ta a sama. Manhajar da aka horar da bugun Alƙahira za ta ɗauki ƙaf ɗinmu a matsayin fa. Wasalin "e" da ɗigon imala ake nuna shi, wanda muka gada daga ruwayar Warshu, kuma hudar gara ko ɗigar tawada na iya kama da shi. Ga shi marubuta ba su taɓa haɗuwa a kan hanya ɗaya ta rubuta ɓ da ɗ da ts ba. Ɗigo guda yana sauya sunan mutum ko na gari, kuma kuskuren da na'ura ta koya sau ɗaya za ta maimaita shi a kowane shafi, ya shiga littattafan tarihi a matsayin gaskiya.

Farfesa Fallou Ngom na Jami'ar Boston da abokan aikinsa sun ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami na Hausa, sun juya wasu zuwa boko. Mafari ne mai kyau. Sai dai a ganina, malaman da na'urar take buƙata suna tsangaya: alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka a wannan hannu, waɗanda tsarin boko ya daɗe yana lissafa su cikin marasa ilimi. Ya kamata masu rubuta manhaja na jami'o'inmu su zauna da su tun suna raye, su kwafe shafukan tare, a biya su haƙƙinsu, a kuma rubuta sunayensu a kan aikin.