Yadda ake juya sautuka masu yawa zuwa MP3 lokaci guda a kwamfuta

A Birnin Ƙonni, kamar sauran garuruwan bakin iyakar Nijar da Najeriya, sauti ya fi rubutu yawo. Tafsiri da wa'azi na shigowa daga Sakkwato, waƙoƙin Kano na biyo direbobi, farashin albasar Galmi kuma da baki ake faɗar shi a WhatsApp. Sai dai sau da yawa sautin da ya yi magana lafiya lau a babbar waya, idan aka zuba shi a katin memuwar aka sa a ƙaramar salula, ko a rediyon mota, ko a ƴan akwatunan nan masu cin kati da ake saurare a fada, sai ya yi gum. Nan take a ce kati ya lalace. Galibi katin ba abin da ya same shi. Nau'in fayil ɗin ne na'urar ba ta gane ba. Maganin abin shi ne a juya sautin zuwa nau'in da take ganewa. Idan fayil ɗaya ne ko biyu, waya ma ta isa. Idan kuwa tafsirin azumi ne na kwana 30, ko saƙonnin murya 200 na wakilan gidan rediyo, to aikin kwamfuta ne, kuma a tashi ɗaya ake yin shi.

Nau'o'in da suka fi zuwa hannu

Ana gane nau'in fayil daga haruffan da ke ƙarshen sunansa, bayan ɗigo. Windows yakan ɓoye su, sai an shiga Affichage an buɗe.

WAV, wanda kampanonin Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana ajiye sauti yadda aka ɗauke shi, ba a rage komai ba. Shi ya sa yake da nauyi: a ingancin faifan CD, minti ɗaya na cin kusan mega 10, awa ɗaya mega 635. FLAC, na 2001, shi ma ba ya zubar da komai, amma yana matse fayil zuwa kusan rabi. Waɗannan biyun su ne na ajiya.

Sauran duk masu zubarwa ne, wato suna cire ɓangaren sautin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba don fayil ya yi sauƙi. MP3 shi ne babbansu. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ne suka yi mafi yawan aikinsa, aka tabbatar da shi a 1993, kuma tun 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisinsa. AAC, wanda ke zuwa da sunan m4a, shi ne abin da iPhone da wayoyin Android da dama ke ɗaukar murya da shi. AMR na ƙananan salula ne. Don magana kawai aka yi shi, shi ya sa kiɗa ke fita kamar daga cikin gwangwani. Opus kuma, na 2012, shi ne na saƙon muryar WhatsApp. Za ku gan shi da suna irin PTT-20240312-WA0005.opus, inda lambobin tsakiya ke nuna shekara da wata da rana.

A gaskiya Opus ya fi MP3 iya matse magana ba tare da ta lalace ba. Amma rediyon motar da ke jigila tsakanin Ƙonni da Tawa bai san shi ba, haka ma akwatin da mai lambu ke rataye a bukka. MP3 kuwa da wuya a samu na'urar da za ta ƙi shi. Dalilin da ya sa har yau shi ake komawa gare shi ke nan.

Abu ɗaya da ya kamata a kawar tun yanzu: sauya sunan fayil daga .opus zuwa .mp3 ba juyawa ba ne. Kamar a rubuta "gero" ne a kan buhun dawa. Wata manhajar kwamfuta za ta iya buɗe shi don ta leƙa cikinsa ne, ba sunan ta bi ba, amma ƙaramar na'ura za ta ƙi.

Kafin a taɓa komai, a ware na asali

Nan ne aka fi yin asara, kuma asara ce da ba ta da gyara. Duk lokacin da aka juya sauti zuwa MP3 ko wani nau'i mai zubarwa, wani abu ya tafi ke nan har abada. A juya Opus zuwa MP3, an rage. Wani ya karɓa ya juya zuwa AMR don ƙaramar wayarsa, an sake ragewa. Na uku ya mayar MP3 ya zaɓi lamba mafi girma yana zaton zai gyara, fayil ya yi nauyi, sautin kuwa yana nan a lalacensa. Duk wanda ya saurari wasu waƙoƙin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace da ke yawo a katuna ya san abin da ake nufi: kalangu da kotso na fita kamar ana kaɗa su cikin ruwa. Tsufan kaset na da nasa laifin, amma yawan juyawa hannu zuwa hannu ya ƙara wa abin gishiri.

Waƙar Shata akwai ta a wurare da yawa. Abin tsoro shi ne sautin da ba shi da na biyu: muryar tsohon da ya ba da tarihin gidansu kafin ya rasu, karatun wani malamin unguwa, kirarin da aka ɗauka a naɗin sarauta, hirar da wakilin rediyo ya yi a Dogarawa ko kasuwar Badagishiri. Idan aka juya irin wannan aka goge na asali don a samu wuri, an yi sakaci da amana.

Saboda haka tsarin aikin shi ne dosiye biyu. Na farko a kira shi "asali", a kwafe komai a ciki yadda ya zo, kada a taɓa. Na biyu shi ne inda sabbin fayiloli za su sauka. Ko da bayan wata shida aka buƙaci wani nau'in, daga "asali" za a sake juyawa, ba daga kwafi ba. Mai ɗaukar tsohon kaset zuwa kwamfuta kuma ya fara ajiye shi a WAV ko FLAC, sannan ya fitar da MP3 don rabawa. Haka ma'ajiyun sauti na duniya ke yi, kuma ƙungiyarsu, IASA, WAV ta ba da shawara a yi ajiya da shi.

Wace lamba za a zaɓa?

Kowace manhaja za ta tambayi abin da a faransanci ake rubutawa débit, wato yawan bayanan da kowace daƙiƙa ta sauti za ta ci, ana auna shi da kbps. Lissafin ba wuya. A 128 kbps, minti ɗaya kusan mega 1 ne, awa ɗaya mega 58. A 64 kbps, awa ɗaya mega 29.

Ɗauki tafsirin kwana 30, kowace rana awa ɗaya. A WAV zai ci giga 19. A MP3 na 128, giga 1.7. A 64 kuwa bai kai giga 1 ba. Ga magana zalla, wa'azi ne ko labarai ko darasi, 64 kbps da mono ya wadatar, domin baki ɗaya ne ke magana, ba ya buƙatar a raba shi hagu da dama. Ga kiɗa, kada a sauka ƙasa da 128. Idan asalin mai kyau ne, 192 ya fi. Saƙon WhatsApp da AMR kuwa ɓarnar wuri ce a kai su 320, tun da abin da babu a ciki ba zai fito ba. Kada ku yi mamaki idan MP3 ɗin ya fi na asalin nauyi. Haka abin yake.

Sai fréquence: a bar shi a 44100 Hz, ita ce kusan kowace na'ura ke karɓa.

Manhajojin aikin

Dukkan waɗanda za a ambata kyauta ne, kuma da zarar an girka su ba sa buƙatar intanet. Wannan ya sa suka fi shafukan juyawa na intanet, waɗanda sai an loda fayil an sake sauke shi, kuɗin haɗi biyu ke nan, ga kuma muryar mutane an miƙa wa wanda ba a sani ba.

VLC, mai alamar hular lemu mai tsini, kusan kowace kwamfuta na da shi. Ɗaliban makarantar École Centrale ta Paris ne suka faro shi a 1996. A shiga Média, sai Convertir / Enregistrer, a danna Ajouter a zaɓo dukkan fayilolin, sannan a zaɓi Audio - MP3 a layin Profil. Alamar sifana da ke gefe ita ke buɗe wurin sauya débit. Rauninsa shi ne idan fayiloli da yawa ne, a dosiyen da suka fito yake zuba sabbin, don haka a yi aikin a kan kwafi, kuma a sa alama a zaɓin da ke ƙara "-converted" a suna.

Ga mai yin wannan aiki kullum, kamar masu tura waƙoƙi da wa'azi a kasuwa da tasha, fre:ac ya fi dacewa. Don wannan aiki aka yi shi, yana da faransanci: a jawo dosiye gaba ɗaya a saki a cikinsa, a nuna inda za a sauke, a danna. Format Factory, wanda da yawa suka saba da shi, shi ma yana yi. A dai karanta abin da ake dannawa lokacin girkawa, kuma a sauke kowace manhaja daga shafinta na ainihi. Audacity na gyaran sauti ne, amma sashensa na Macros na iya daidaita ƙarfin muryar fayiloli masu yawa ya fitar da su MP3, abin da ke da amfani ga gidajen rediyo, inda muryar wannan wakili ke fita da ƙarfi ta wancan kuma can ƙasa-ƙasa.

Sai FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, kuma manhajoji da yawa a kansa suka dogara. Ba shi da maɓallan dannawa, umarni ake rubuta masa. Bayan an girka shi, a buɗe Invite de commandes a cikin dosiyen sautukan, a ƙirƙiri ƙaramin dosiye mai suna mp3, a rubuta wannan layin:

for %f in (*.opus) do ffmpeg -i "%f" -ac 1 -ar 44100 -b:a 64k "mp3\%~nf.mp3"

Ma'anarsa: duk fayil ɗin da ya ƙare da .opus, a mai da shi mono, 44100 Hz, 64 kbps, a ajiye a dosiyen mp3 da sunansa na da. Don m4a ko amr, kalmar opus kawai za a sauya. Idan za a ajiye layin a fayil na .bat don gobe, kowace alamar % sai an ninka ta biyu.

Ko da wacce aka yi aiki, a gwada fayil biyu ko uku tukuna a kan na'urar da za ta karanta su kafin a saki ɗari biyar. A kuma tabbatar batirin kwamfuta na da caji, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, fayil ɗin da ake kai zai fito guntu, alhali sunansa na nan kamar lafiyayye. Bayan an gama, a duba ko yawan fayiloli ya yi daidai a dosiye biyun, a kuma saurari ƙarshen na ƙarshe.

An juya, amma har yanzu shiru

Idan MP3 ne na gaskiya kuma na'ura ta ƙi, a duba katin ko kile ɗin. Rediyon mota da ƙananan akwatuna da yawa tsarin FAT32 kaɗai suke karantawa, katin da ya wuce giga 32 kuwa da exFAT yake zuwa. Ya fi sauƙi a yi amfani da kati mai giga 32 ko ƙasa da haka. Sake tsara kati, wato Formater, yana goge duk abin da ke ciki, sai a kwashe kafin a yi.

Suna ma na kawo rikici. Na'urar da ke bin haruffa za ta karanta 1, 10, 11, 12 kafin ta zo 2, sai tafsirin rana ta goma ya riga na rana ta biyu. A rubuta 01, 02, 03. In sun wuce 99, a fara daga 001. Wasu akwatunan ma ba sa bin suna, jerin da aka zuba fayilolin suke bi, don haka a kwafe su a jere cikin kati marar komai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sukan fito kamar ƴan akwatuna a ƙaramin allo. A sunan fayil gara a rubuta k da d da b da y, a kuma taƙaita sunan.

Akwai kuma batun haƙƙi. Waƙar mawaƙi dukiyarsa ce, kuma a Nijar ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin masu fasaha. Saƙon murya kuma na wanda ya yi shi ne. Juya shi zuwa MP3 na sa ya fita daga rukunin da aka tura shi ya shiga katunan da ba wanda ya san iyakarsu. Dokar 2019 ta yaƙi da laifuffukan intanet ta tanadi hukunci kan yaɗa ɓatanci da bayanan da ke iya ta da hankalin jama'a, don haka mai shago ya saurari abin da aka kawo masa kafin ya zuba wa wasu.