Talabijin ɗin makaranta na 1964: darasi ga jami'o'inmu

Duk lokacin da aka tada zancen karatun jami'a ta intanet, sai ka ji kamar jiya aka fara koyarwa da na'ura a Nijar. Alhali kuwa abin ya girmi da yawa daga cikinmu. Ina koyarwa a Birnin Lalle, cikin yankin Dakwaro, kuma ina ganin ya kamata mu malamai da iyaye mu waiwayi tarihin nan kafin a ɗora mana sabuwar dabara.

A shekarar 1964, shekara huɗu bayan samun 'yanci, aka buɗe shirin talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Ƙasar na fama da ƙarancin malamai, sai aka ce a shirya darussan firamare a ɗakin ɗaukar hoto, a watsa su zuwa azuzuwa. An yi gwajin a makarantu 22, da yara kusan 800. Waɗanda ke tsayawa gaban aji matasa ne masu takardar firamare da aka ba horo na ɗan lokaci. Labarin ya kai nesa, har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna nazarinsa, ƙasar Kwaddibuwa kuma ta buɗe nata shirin a 1971.

Abin da ya ba gwajin ƙarfi, a fahimtata, shi ne bibiya. Masu shirya darussa suna da mutanen da ke lura da yadda yara ke karɓar kowane darasi, su kai rahoto, a gyara na gaba. Amma shirin bai taɓa kai wa ga mafi yawan makarantun ƙasar ba. Kuɗin tafiyar da shi na da yawa, ya dogara da ƙwararrun waje, ƙauyuka ba lantarki, akwatin da ya lalace kuma sai ya jira mai gyara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya ja baya, Télé Sahel ta ɗauki fagen. Na Kwaddibuwa ma an rufe shi a farkon shekarun 1980.

A daidai wannan zamani ne ilimin jami'a ya kafu a ƙasar. An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin makamashin rana. Tun 1968 kuma, a Yamai ɗin, shugabannin ƙasashe suka kafa hukumar CAMES, wadda ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma. Abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne bincike da rubuce-rubucen malami. Tambayar ko ɗalibi ya gane darasi, galibi an bar wa jarrabawar ƙarshe ta amsa, lokacin da gyara ya wuce.

Koyarwa daga nesa ta sake dawowa a 1997, da Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta tauraron ɗan'adam. A 2010 muka samu jami'a a Maraɗi, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Sai annobar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 har zuwa farkon Yuni. Malamai da dama suka koma tura darasi ta WhatsApp. Ɗalibin da ke birni ya samu. Wanda ya dawo gida ƙauye kuwa, sai ya nemi inda rezo ke kamawa, ya biya kuɗin cajin waya, ya sayi data daga aljihun mahaifin da ke jiran damina.

Saboda haka ban ƙi na'ura ba. Darasin da aka ɗauka a murya, ɗalibi zai saurare shi sau uku, abin da ba ya samuwa a zauren da ya cika maƙil. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tarihin 1964 ya nuna mana inda ake tuntuɓe. Idan jami'a ta ce ta koma intanet, mu tambaye ta: ɗalibai nawa suka buɗe darasin har ƙarshe, kuma daga ina? Ana tambayarsu ra'ayinsu a tsakiyar zango, ba tare da sun rubuta suna ba? Malamin da ya gyara koyarwarsa, hakan na shiga lissafin ƙarin girmansa? Ranar da mai tallafi ya tafi, wa zai biya?

Iyaye ma suna da nasu aikin. Idan yaro ya zo hutu, kada tambayar ta tsaya kan maki. A ce masa: “Wane darasi ne ba ka gane ba, kuma wa ka faɗa wa?” In ya ce babu wanda ake faɗa wa, to kwamfuta dubu ba za ta gyara wannan ajin ba.