Nauyin da Ke Kan Mai Gidan Haya Wajen Kariya Daga Gobara

Da yawa daga cikin masu gidaje a garuruwanmu suna ɗauka cewa da zarar sun miƙa makulli sun karɓi kuɗin haya, to sun sauke nauyi. Doka ba haka ta ce ba. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya sanya duk gidan da ɗan haya ke ciki a sahun gine-ginen jama'a, ya kuma wajabta yi masa inshorar gobara, rushewa da ambaliya. Dokar da ta maye gurbinta a 2025 ta riƙe wannan wajibci. Wanda ke ƙyamar inshora saboda addini, akwai tsarin takaful.

Sai dai inshora diyya ce bayan ɓarna, ba ta maido da rai. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya tanadi cewa gini ya kasance da mafita lokacin gobara. A nan muke da babbar matsala: ɗakuna goma, ƙofa ɗaya, tagogi kuma duk an toshe su da ƙarfe don tsoron ɓarayi. Ya kamata mai gida ya bar tagar da ke buɗuwa ta ciki, ya sa ƙwararre ya duba wayoyin lantarki kafin hunturu, ya kuma hana ajiye fetur a ɗakin kwana.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su riƙa sanar da hukumar kashe gobara gidajen da suka ga alamar haɗari. Idan wuta ta tashi, a kira lamba 112.