Dokar Faɗa Tsakanin Wasan Kwamfuta Da Katun: Tarihin Pokémon

Mai karatu, idan ka taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, ko a Bichi ko a Ɗambatta, ka san cewa daɗin kallon duk a kan doka yake. Hannu ɗaya naɗaɗɗe, ɗaya na kariya, turmi uku, kuma duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. To, a ce wani darakta ya nuno ɗan dambe ya dafa ƙasa, ya miƙe, kuma aka ba shi nasara. Wallahi ko yaro ba zai yarda ba. Irin wannan gardamar ce masoya Pokémon suka shafe shekaru suna yi.

A watan Fabrairun 1996 kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Pokémon a Japan, a kan 'yar na'urar Game Boy. Satoshi Tajiri ne ya ƙirƙiro shi, da halittu 151. Dokokin faɗan a fili suke. Halittu shida kawai za ka riƙe, kowace da salon duka huɗu, kuma bi da bi ake kai hari. Ruwa na cin wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na cin ruwa, lantarki kuwa ba ya yi wa halittar ƙasa komai.

Da aka fara nuna katun ɗin a tashar TV Tokyo a Afrilun 1997, sai masu shiryawa suka ci karo da matsala. Wa zai zauna yana kallon mutum biyu suna jiran juna kamar masu dara? Sai suka sa jarumin, Ash, yana yi wa Pikachu ihu ya kauce, alhali a wasan babu maɓallin kaucewa, na'ura ce ke lissafa ko duka ya samu ko ya kuskure. Wannan bai dami kowa sosai ba, don ya ƙara wa faɗan rai.

Inda aka yi ta cece-kuce shi ne batun lantarki. A kashi na biyar, Pikachu ya kara da Onix ɗin Brock, halittar dutse da ƙasa. A wasa, ko gezau Onix ba zai yi ba. A katun sai ruwan kashe gobara ya jiƙa shi, lantarki ya kama shi. Nan aƙalla an ba mai kallo dalili. Amma daga baya, a faɗa da Blaine, Pikachu ya jibgi Rhydon da lantarki ta ƙahonsa, ba ruwa ba komai. Wannan shi ne gwiwa ta taɓa ƙasa aka ce ba kisa ba ne, kuma masoya wasan sun daɗe suna yi wa wurin ba'a.

Abin mamakin, tasirin bai tsaya ta gefe ɗaya ba. A 1998 aka fitar da Pokémon Yellow, wasan da ya bi sawun katun, inda kake farawa da Pikachu. Ash ya zama zakaran duniya a 2022, aka rufe labarinsa a 2023. Sannan a 2025 wasan Pokémon Legends: Z-A ya ajiye tsarin bi da bi, ya koma faɗan da ake motsi ana kaucewa, wato abin da katun ya soma tun 1997.

Don haka idan ka ji ana musu a kan fim ɗin da aka ciro daga littafi, kamar yadda aka mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim a 1994, ka raba abu biyu. Darakta na da damar sauya taku da saurin labari, don allo ba takarda ba ne. Amma dokar da ke nuna wa ya ci, wa ya faɗi, ta mai kallo ce, kuma ya san ta tun kafin a kunna fim.