Yadda aka gano abin da sikila ke yi wa jijiyoyin jini

A ƙarshen 1904 wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada mai suna Walter Clement Noel ya je asibiti a Chicago ba shi da lafiya. Ƙaramin likita Ernest Irons ya duba jininsa, sai ya ga jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa James Herrick ne ya wallafa rahoton a 1910, shi kuma ya kwashi sunan. Mutanen Afirka ta Yamma kam sun daɗe da sanin ciwon, Hausawa na ce masa amosanin jini, amma abin da ke faruwa a cikin jijiya ya ɗauki shekaru kafin a gane shi.

A 1927 aka tabbatar cewa ƙarancin iskar oksijin ne ke lanƙwasa ƙwayar. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin sinadarin himogulobin, Vernon Ingram kuma ya gano a 1956 cewa ɗan sauyi guda ne tak a jikin sinadarin. Daga nan aka ɗauka magana ta ƙare: ƙwaya ta ƙage, ta maƙale a siririyar jijiya, jini ya tsaya, ƙashi ya hau zugi.

Ashe da sauran rina a kaba. A 1980 Robert Hebbel ya nuna cewa ƙwayoyin suna da danƙo, suna manne wa bangon jijiyar. Ga su kuma da saurin mutuwa, kwana 10 zuwa 20 a maimakon 120. Idan sun fashe, abin da ya zubo daga cikinsu yakan cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Bangon ya kumbura, ya yi kauri, hanya ta ƙara tsukewa. Wannan ne ya sa yaro ɗan shekara biyar kan tashi da shanyewar ɓarin jiki, ya sa saifa ta lalace tun yana ƙarami, ya sa gyambon idon sawu ya ƙi warkewa.

Magungunan da suka fi ceton rai, a ganina, su ne masu araha. A 1986 aka tabbatar cewa shan fenisilin kullum yana kare ƙananan yara daga mummunar cutar da kan shige su bayan saifa ta gaza. A 1995 maganin hydroxyurea, wanda da na cutar kansa ne, ya rage tashin ciwon da kusan rabi, domin yana farfaɗo da irin himogulobin ɗin da jariri ke da shi a ciki. A 1998 aka nuna cewa na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa idan ta gano yaron da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, yi masa ƙarin jini a kai a kai yana kare shi.

Sai dai ƙarin jini wata-wata ba abu ne da yawancin iyaye a Najeriya za su iya ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na jami'ar Vanderbilt sun gwada hydroxyurea a madadinsa, aka kuma ga yana kare yaran.

Dashen ɓargo, da aka fara ba da rahoton yi wa mai sikila a 1984, yana warkarwa idan an dace da ɗan'uwan da ɓargonsa ya yi daidai. A 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, mai gyara ƙwayar halitta. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.